Abin da Ke Ƙarƙashin Tsagar

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar gabas da Guci.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta cancanci uwa daga 'yarta, ina roƙon Allah ya sa wannan yini ya same ki cikin yalwa da sanyin makwanci. Na san takarda ba ta kaiwa inda kike, kuma ko da kina raye sai an nemo mai karanta miki. Addu'a ce kaɗai ke isa. Amma akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, kuma ni ban iya shirya tunani sai ina fuskantar mutum, shi ya sa na zaɓi in fuskance ki. Masu karanta abin da nake rubutawa a nan su yi haƙuri, su ɗauka sun shigo gida ne sun tarar da uwa da 'ya suna magana.

Inna, kin tafi kin bar ni ina 'yar lakwal, wato makarantar boko. Yau na girme ki. Na wuce shekarun da kike da su ranar da aka ɗauke ki, kuma furfurar da ba ki samu zarafin yi ba ta fito mini a goshi. Aikina a Magarya shi ne ɗaukar hoton cikin jiki, abin da muke kira radiyo: ƙashin wanda ya faɗo daga moto, wato babur, ƙirjin mai tarin da ya ƙi jin magani. Ba ni ke faɗin abin da ke cikin hoton ba. Wannan aikin likitoci ne da suka yi karatunsa. Ni dai in ɗauka, in miƙa, in yi shiru.

Da ranin da ya wuce wata babbar mota ta zo da na'urar ɗaukar hoton nonon mata, don a gano ciwon daji tun bai yi ƙarfi ba. Ta tsaya a Magarya, ta tsaya a Dungas da Sassumbrum, har garinmu ta je. Mata suka yi layi, aka ɗauke su, aka duba hotunan, aka gaya wa kowacce sakamakonta. Waɗanda aka ga wani abu a nasu aka kira su, saura aka ce su je lafiya.

Da damina ta zo ƙarshe sai likitoci uku suka dawo da waɗannan hotuna domin wani bincike. Wannan karon ba matan ake aunawa ba, idon likita ake aunawa da kayan aikinsa. Akwai babban allo mai nauyi da ake duba irin wannan hoto a kansa a birni, akwai kuma ƙarami da za a iya ɗauka zuwa ƙauye. Ana son a sani ko ƙaramin yana nuna abin da babban ke nunawa. Saboda haka kowane likita zai duba kowane hoto sau biyu, sau ɗaya a kan kowane allo, da tazarar makonni a tsakani domin ya manta. An cire sunayen matan, an cire garuruwansu da duk abin da suka faɗa game da jikinsu. Lamba kawai aka bari.

Ni aka zaɓa in zauna da su. Aikina in sauke labule, in rage hasken ɗaki, in fito da hotuna bisa jerin da aka ba ni, in danna agogo, in rubuta abin da likita ya ce da tsawon lokacin da ya ɗauka. Kujerata tana bayansa ta hagu, inda ba zai ga fuskata ba. Sharaɗin guda ne mai tsanani: kada in ce komai a kan wani hoto ga ɗayansu, a cikin ɗakin ko a waje, har binciken ya ƙare. Ko tari, ko ajiyar zuciya, domin likita ɗan Adam ne, yana iya jin motsin na bayansa ya sauya magana. Na sa hannu a takarda, kuma a raina na ɗauke ta alkawari a gaban Allah.

Zan gaya miki gaskiya, na ji daɗin zaɓen. An ce an ɗauke ni ne domin duk Magarya babu mai riƙe baki kamata. Kin san halin nan, ke kika fara ganinsa. Na daɗe ina kiransa tsoron Allah, ban taɓa tsayawa na duba ko akwai wani abu gauraye a ciki ba.

Babba a cikinsu, Likita Lawali, dattijo ne mai son raha. Ya raɗa mini suna Hajiya Bango. Wata rana, bayan mun shafe safiya ba a ji ko numfashina ba, ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba ko na rasu ne a bayansa bai sani ba, ya ce in yi ɗan tari mana ya samu natsuwa. Sai da muka tashi na ce masa takardar ta hana tari. Ya yi dariya har da share hawaye, ya ce da za a samu irina uku da an rufe kotu.

Ranar wata Laraba da hantsi hoton ya fito. Nonon hagu ne. Can ƙasa, kusa da inda ya haɗu da ƙirji, akwai 'yan ɗige-ɗige farare a jere, layi uku, tazararsu daidai kamar shukar gero. Likita Lawali ya matso da wurin, ya duba ta wannan gefe da wancan. Ya ce wannan a kan fata yake, ba a ciki ba, hoda ce ko man shafawa da ba a goge ba, domin ɗigon ciwo ba ya yin sahu haka. Sauran naman ya yi kauri, in ji shi, amma bai ga abin tsoro ba. Ya ce in rubuta lafiya. Bai kai minti ɗaya a kansa ba. Na rubuta, na fito da na gaba.

Bai yi kuskure a abin da ya gani ba, Inna. A kan fata yake. Amma ba hoda ba ce, kuma ni na san ko mene ne, domin ni na riƙe tandun.

Kin tuna. Ina da shekara goma sha uku. Kin kira matar wanzami ɗakinki da safe, bayan maza sun tafi gona. Ta shimfiɗa askarta a kan faifai, ta ce maganin ya fi kamawa idan an haɗa garinsa da kwallin mai jikin, sai kika ce in ɗauko tandunki a ƙarƙashin matashi. Ta yi tsaga layi uku a ƙarƙashin nonon hagu, tana yi tana ɗibar kwalli daga hannuna tana murzawa a ciki. Ba ki ko motsa ba. Kwalli dutse ne mai nauyi, sai da na yi wannan karatu na san hasken radiyo ba ya ratsa shi, yana fitowa fari a hoto.

Kafin ta fara, kin kama yatsuna kin ɗora a wurin. Wani abu ne mai tauri kamar ƙwayar gujiya a ƙarƙashin fata. Kika ce, "Ke, kin ji shi? Ba ya ciwo." Da Baba ya yi maganar kai ki Damagaram sai kika ce bari a gama girbi. Kin faɗa a kakar farko, kin faɗa a ta biyu. Ta uku ba ki gan ta ba.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Da na gane tsagar a hoton, ba tsoro na fara ji ba, daɗi na ji. Na ce a raina ga mutumin da ya yi shekaru yana karatu a ƙasashe, ga ni 'yar Guci a bayansa na san abin da bai sani ba. Da wannan jin daɗin na ƙarasa safiyar.

Sai da azahar, ina alwala, ruwa na zuba a gwiwar hannuna, sannan sauran maganar ta zo mini. Ba a tsaga lafiyayyen wuri. Duk inda aska ta sauka, hannu ne ya fara zuwa ya taɓo wani abu. Kuma na sha jin likitocin nan da kansu suna cewa idan nama ya yi kauri hoto yana iya ɓoye ƙululu, kuma idan mace ta ce ta taɓa wani abu, hoto kaɗai bai isa ba, sai an duba ta da eko, na'urar da ake gogawa a kan fata. Wannan mata an riga an ce mata ta je lafiya tun rani. Tana can wani gari da ban sani ba, hankalinta kwance.

Ban yi magana a ranar ba. Ranar Alhamis likita na biyu ya duba hoton, ya faɗi abin da na farko ya faɗa, ni kuma na rubuta da hannuna.

Na kawo wa kaina hujjoji, kuma ba marasa ƙarfi ba ne. Na ce wataƙila tsagar tsohuwa ce, ta kumburin shayarwa da ya warke shekaru ashirin baya. Na ce wataƙila ke nake gani a ko'ina. Na ce idan na yi magana hoton ya lalace wa binciken, alhali binciken domin matan ƙauye ake yin sa. Na ce saura makonni shida a gama, sai in faɗa a lokacin cikin mutunci. Babbar hujjar ita ce alkawari. Mai shugabantar aikin, Likita Nana, ita ce kaɗai ke da ikon buɗe sunan da ke bayan lamba, kuma ita ce ta uku cikin masu duban hotunan. Babu yadda zan gaya mata ba tare da na karya abin da na sa wa hannu ba. Na nemi wata kafa da zan bi in fita da hannuna a wanke, ban samu ba.

Ranar Juma'a da la'asar, ina zaune a kan dardumata, na yi wa kaina tambayar da nake gudu. Alkawarin nake karewa, ko sunana na matar da ba ta taɓa karya alkawari ba? Idan na jira makonni shida, wa zai amfana da jiran, ita ko ni? Na kuma lura da abin da ya sanyaya mini jiki: "bari a gama bincike" da nake ta maimaitawa, da "bari a gama girbi", magana ɗaya ce. Bambancin kawai, ke da ranki kika yi jinkiri, ni da na wata.

Asabar da safe na sami Likita Nana a biro, wato ofishinta, tana shan shayi. Na tsaya, ban zauna ba. Na ce na zo in karya sharaɗin da na sa wa hannu, kuma na san abin da zai biyo baya. Na faɗi lambar, na faɗi abin da na sani game da tsaga da kwalli. Na shirya wa faɗa a kan buɗe baki.

Ta ajiye kofin, ta tambaye ni yaushe na gani. Na ce Laraba.

"Hajiya," ta ce, "kwana uku ke nan kika ci wa matar nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire hoton daga binciken, ta rubuta dalili. Ta kuma cire ni daga ɗakin, domin a cewarta daga yanzu likitocin za su riƙa sauraron numfashina suna neman labari. Gaskiyarta ce. Aka sa wata a kujerata, ni na koma shirya dosiye, takardun marasa lafiya, a ɗakin ajiya. Ya yi mini zafi fiye da yadda ya kamata, wannan ma na rubuta shi cikin abin da nake neman gafara a kansa. Likita Lawali da ya gamu da ni a baranda cewa kawai ya yi, ashe bango na da baki. Sannan ya sa na zana masa yadda ake jera tsagar, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da aka buɗe lambar sai ga sunan wata mata daga wani ƙauye a bayan Sassumbrum. Ba zan faɗi sunanta ko na ƙauyen ba. Wayar da ta bayar ba ta shiga. Likita Nana ta ce tunda ni na taso da maganar, ni zan je.

Na hau kabu-kabu a ranar, muka bi turɓaya tsakanin gonakin da aka karya geronsu. Na same ta a gonar wake tare da 'ya'yanta mata biyu, ƙwarya a gefe. Ba ta kai ni shekaru ba, doguwa ce mai saurin dariya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mutanen Magarya ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ce ai an riga an wanke ta, ko motar ce ta yi mantuwa?

Na roƙe ta mu shiga bukkar gonar. Ta kwance zane. Tsagar ba tsohuwa ba ce, an yi ta makonni kaɗan kafin motar ta zo. Sannan, Inna, ba tare da na nema ba, ta kama yatsuna ta ɗora a wurin.

Na tambaye ta don me ba ta faɗa ba ranar hoton. Ta ce an tambaye ta ko tana jin ciwo, ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. Tsagar kuwa ta rufe ta da tafin hannu har aka sa ta a na'ura, don kada 'yan asibiti su yi mata faɗan zuwa wurin wanzami a gaban mata.

Na yi mata bayani a hankali, ban ɓoye ba, ban kuma ƙara ba. Na ce ban san ko mene ne ba, likita ne zai sani, amma ba abin jira ba ne. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta yarda za ta zo, in an gama roron wake. Mijinta da aka kira ya ce shi bai hana ba, ko yau ta tafi. Ita ce ta ƙi. Ta nuna mini gonar ta ce waken ya bushe, kwana kaɗan ya rage ya fara fashewa ya zube, ga awaki za a sako. "Ke ma'aikaciya," ta ce, "wake bai san asibiti ba."

A nan na gaya mata labarinki. Shekara talatin da 'yan kai ban taɓa ba wani shi da baki ba, ko mijina guntu ya sani. Na faɗa mata tandun, na faɗa mata girbi biyun. Ta daina dariya, amma idonta bai bar gonar ba. Na gane ba taurin kai ba ne. Abincin gidanta na shekara ne ke tsaye a rana.

Sai na ninke mayafina na rataye a bukka, na ɗaure zane, na ce a ba ni ƙwarya.

Rabona da roro tun kina raye. Kafin la'asar bayana ya ƙage, ƙaiƙayi ya cinye mini hannu. Tana bina a baya tana tsince abin da na bari, tana cewa hannun biro dai sai biro, wannan in aka ba ta gona sai awaki su yi mata godiya. Matan maƙwabta suka zo kallon ma'aikaciyar da ke roro, da suka ji dalili sai suka koma suka ɗauko nasu ƙoren. Na kwana a ɗakinta. Lahadi kafin rana ta faɗi an kwashe gonar.

Muna ɗaure buhu na ƙarshe ta tambaye ni sunanki, ta ce tana so ta riƙa sa ki a addu'a. Kin san ban taɓa furta shi ba, ba ki yi mini tarbiyyar haka ba. Amma na faɗe shi, a tsakiyar gonar wake, ga matar da kwana biyu baya lamba ce a hannuna. Ta maimaita shi sau biyu don kada ta manta.

Litinin da safe ta hau moto zuwa Magarya.

An duba ta da eko, an ga abin. An tura ta Damagaram aka ɗebi kaɗan aka auna, kuma shi ne, ciwon da ya ɗauke ki. An yi mata aiki. Likitoci sun ce ta zo a lokacin da ake iya fafatawa da shi, ba su ce fiye da haka ba, ni ma ba zan ce ba. Tana shan magani, tana ramewa, tana tsokanar masu jinya. Ƙarshen lamarin yana hannun Allah. Makon jiya ta aiko mini da wake tiya guda, da saƙon cewa wannan ne rabon da na tsinta, sauran nata ne.

Inna, na daɗe ina tuhumar yarinyar da ta riƙe tandu ba ta ce komai ba. Yanzu na sake ta. Shekararta goma sha uku, ba ta san komai ba, uwarta ce ta aike ta. Wadda ban sake ta ba tukuna ita ce babbar macen da ta sani, ta zauna a kujera kwana uku tana danna agogo. Likita Nana ta ce kwana uku ba su sauya komai a jikin matar ba. Na yarda. Amma na san da ba a yi Juma'ar nan ba da sun zama makonni shida, kuma da na kira su riƙon amana, in kwanta ina ganin kaina mutumiyar kirki. Alkawarin da na karya na yi istigfari a kansa, domin karyawa ce ko da dalili. Jinkirin kuwa har yanzu ina yi.

Tandunki yana wurina. Fatar ta bushe, akwai sauran kwalli a gindinsa. Da can a ƙasan akwati nake ɓoye shi. Yanzu yana aljihun rigar aikina, kuma duk macen da ta shigo ɗakin hoto, kafin in taɓa na'ura, nakan fito da shi in nuna mata. Ba na tambayar ko tana jin ciwo. Nakan ce uwata ta yi tsaga da wannan, ko ke ma akwai inda hannunki ya taɓa? Da yawa sukan ɗauke tafin hannunsu daga wurin da suka rufe.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika ɗauka ba ki yi kuka ba ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba matar nan lafiya, ya nuna mata roron baɗi da na bayansa. Ya kuma shirye ni in san lokacin yin shiru da lokacin da shiru ya zama laifi. Yanzu mu biyu ke ambatonki bayan salla, ɗaya a Magarya, ɗaya a bayan Sassumbrum, kuma ita da sunanki take kira.

Wassalam.

'Yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta har kika koma ga Allah, kike ce mata "Ke".